Sajan Inna Hajjo Bai Iso Ba

A gidanmu na Maska, lokacin muna yara, kakarmu Inna Hajjo ce kaɗai ta san talabijin. Duk mako takan kai daddawa Funtua, ta kwana gidan ƙanwarta, inda ake da wata 'yar akwati mai hoto baƙi da fari. A can take kallon wani wasan 'yan sanda da ake yi da Turanci. Ko "zo in kashe ka" ba ta ji da Turanci, amma haka za ta dawo mana da labarin cif, har da maganganun da ita ta sa musu a baki.

Da kaka, bayan sallar isha'i, sai a hura wuta da totuwa a tsakar gida, mu kewaye ta muna ɓarar masara. Ta ce, "Ga ta can cikin akwati." Mu ce, "Ta fito mu ji ta."

Jaruminta Sajan ne, mai keke da gajeren wando, ba shi da makami sai kulki. Na fi tuna ranar da aka sace wani manomi da shanun huɗarsa. Sajan ya bi sawu gona-gona har ƙofar gidan ɓarawon, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce, "Malam, kwance mutumin nan mu tafi." Sai Inna ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, na rufe akwati." Doka ɗaya gare ta: ko gyangyaɗi muke yi, ba ta rufewa sai Sajan ya iso. Takan ce, "Ba a rufe labari da mutum a hannun ɓarayi."

Ina sakandare a Malumfashi wasan ya koma mai kala. Aka cire Sajan, aka kawo samari masu mota da bindiga. Inna ta kalla sau ɗaya ta taɓe baki. "Waɗannan ko gaisuwa ba su iya ba. Yaya za ka kama ɓarawon da ba ka san gidan ubansa ba?" Da na girma na nuna mata sabon a waya, inda suke zaune gaban kwamfuta, aka kuma ƙare a kan gawar wanda aka sace. Ta ture hannuna, ba ta sake neman gani ba. Mu dai a tsakar gida Sajan bai taɓa sauka daga kekensa ba.

Damina uku ke nan da aka ɗauke autanta, Baffa Lawal, a gonarsa ta hanyar Dandume, shi da shanunsa. Garma aka tarar da takalmi ƙafa ɗaya. An kai rahoto, an bi daji, shiru.

Da kakar shekarar na kai yarana gida. 'Yata Rabi, da ba ta san komai ba, ta matsa sai an yi mata na Sajan. Inna ta ɗauko na manomin nan. Ta kawo inda Sajan ya hau keke, ta ce, "Yana tafiya, yana tafiya." Daga nan ta tsaya tana kallon ƙofar zaure, har totuwar ta zama toka.

Rabi ta ce, "Inna, ki rufe mana."

Ta ce, "Bai iso ba tukuna, 'yar nan."

Kafin ruwa ya sake sauka Inna ta rasu.

Da ina yaro na ɗauka dokar nan dabara ce ta sa mu barci ba tsoro. Yanzu na gane ita kanta da ita take riƙe zuciyarta, kuma abin yana ci mini rai har yau. Rabi ta fara wayo, ta san me ya sami Baffa. Duk da haka jiya muna cin tuwo ta ɗago kai ta ce, "Baba, ya iso?" Na ce mata yana hanya.