Na Yi Gudu da Ɗanyen Ɗinki Don in Rufe Bakin Mahauta

Ni mahauci ne a babbar kasuwar Garwa, fawa kuma gado na yi tun daga kakana. Lokacin da abin nan ya faru shekarata arba'in da uku, ban taɓa kwana a asibiti ba. Ni kaɗai nake saɓa cinyar bijimi daga mota zuwa teburi, ina kuma taƙama da hakan fiye da kima.

Da likita ya ce ciwon daji ne a hanjina, matata kawai na gaya wa. Aka yi mini aiki a Yaounde, na dawo gidanmu a unguwar Poumpoumré da ɗinki daga cibiya har mara. Abokan sana'a da suka zo dubiya na ce musu ƙaba ce. Amma rama ta ƙi ɓoyuwa, har labari ya iso mini cewa a rumfa ana ta faɗin na ƙare, ba zan ƙara riƙe wuƙa ba.

Wata biyu da aikin, na ji a rediyo wata ƙungiya ta shirya tsere don tallafa wa masu ciwon daji da ba su da halin zuwa neman magani. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayinsu ya sa na ba da sunana ba. So nake mahauta su gan ni ina gudu. Likitan da ke duba ni ya ce tafiya a hankali za ta yi mini amfani, amma ban da gudu. Matata ta sa na yi mata alkawarin ba zan yi gudu ba, na yi, alhali na san abin da ke raina.

Ana busa usur na zuba da gudu cikin samari. Na wuce gefen kasuwa, na ji ana kiran laƙabina ana tafi, kaina ya kumbura. Ban kai hanyar gada ba na ji kamar an soka mini tsinke mai zafi a ciki. Na durƙusa gindin wata dalbejiya, jama'a suna ta wucewa, wasu na ce mini in daure.

Can ƙarshen ayari sai ga wata dattijuwa tana tafe da sanda. Ɗankwalinta ya zame, ba gashi ko ɗaya a kanta, rigar tseren kuma ta kwanta a gefe guda na ƙirjinta, ba ta cusa komai don ta ɓoye ba. Ta tsaya ta yi mini sannu da Fulatanci, ta kira ni ɗanta, ta miƙo mini gorar ruwanta. Ta dubi inda na dafe, ta tambaye ni kai tsaye ko nawa ciwon a ciki yake. Ita ce mutum ta farko a waje da na gaya wa gaskiya. Ta ce ita nono aka cire mata, har yanzu tana karɓar magani, ƙanwarta kuwa ɓoyewa ta yi har ciwon ya kashe ta. Shi ya sa ta fito a haka, don duk matar da ke tsaye bakin titi ta gani da idonta cewa ana cirewa kuma a rayu.

Ta sa ma'aikatan lafiya da ke biye da mu suka duba ni. Suka ce in shiga motarsu, na roƙa a bar ni in taka sauran, suka yarda da sharaɗin suna bayana. Dattijuwar ta ce to sese-sese, wato sannu-sannu. Muka tafi tare, tana hutawa ina hutawa. Na lura duk inda mata suka taru sai ta tsaya ta gaishe su, ta bari su dube ta da kyau. Mu ne na ƙarshe da suka isa. Ba ta nemi a tafa mata ba, wurin zama kawai ta nema.

Gudun nan ya buɗe ɗinkina ta ciki, sai da aka sake yi mini aiki, na ƙara wata uku a kwance. Matata ba ta yi mini gori ba, wannan ya fi faɗa ciwo. Da mahauta suka dawo dubiya na gaya musu ainihin cutar. Bayan sun watse ɗaya ya dawo shi kaɗai, ya ce ya daɗe yana ganin jini in ya zaga. Na haɗa shi da likitana, aka gano nasa da wuri.

Ban sake ganin dattijuwar ba, ko sunanta ban tambaya ba, kullum dai tana cikin addu'ata. Ina roƙon 'yan'uwana maza, idan an yi muku aiki ku ji maganar likita, kada ku saka jikinku a wahala don bakin mutane. Kuma kada ku ɓoye wannan cuta. Wani na kusa da ku yana ɗauke da ita, jira yake ya ji wani ya fara faɗa.