Ƙyallayen Mutane

Azumin farko da muka yi bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato ya faɗo a tsakiyar bazara. A Yelwa kuwa, lokacin nan ko iskar da ke tasowa daga bakin ruwa da ɗuminta take zuwa. Ɗinki nake yi a gida. Kekena na ƙafa yana ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, kayan sallar mutane sun taru har kan gadon yara.

Maigidana ba ya nan. Yana cikin ma'aikatan da aka kwasa zuwa Birnin Kebbi don buɗe sababbin ofisoshi. Bai sami ɗakin haya ba. Direban da ke kawo mana saƙonsa ya ce a ofis suke kwana, kowa ya shimfiɗa tabarma tsakanin tebura ya tada kai da kayan sawarsa. Albashi kuma sai ranar da ya ga dama. Ya aiko cewa zai zo sallah, amma kada yara su sa rai da tsaraba.

Yaranmu uku ne a lokacin: babbar mace tana gab da gama firamare, sai namiji, sai auta da ba ta daɗe da barin nono ba. Babbar ce ta ji saƙon direba, ta yi ta juya shi a ranta. Wata safiya ina yankan shadda ta zo ta tsaya a kaina.

"Inna, tunda Baba ba ya da abin kawo muna, mu sai mu ba shi."

Matashin kai take son su ɗinka masa. Tana kuma son su rataya tutoci a ɗaki, irin waɗanda maƙwabciyarmu ta yi da Kirsimeti. Maƙwabciyar Bakambariya ce daga wajen Ngaski, mijinta malamin asibiti, kuma da takardun tsofaffin littattafai ta yi nata. Na ce a'a, ba ni da lokaci. Ta koma gefe ta zauna, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tashi ba. Da na gaji da ganinta sai na jawo buhun ƙyallaye daga ƙarƙashin gado na tura mata, da nufin su ba ni wuri.

Buhun nan na ragowar ɗinki ne. Idan yadi ya yi saura babba, nakan naɗe in mayar wa mai shi. Amma guntayen da ke fita daga wuyan riga da hammata, waɗanda ba su kai tafin hannu ba, ba wanda ya taɓa tambayata su.

Ashe aiki na ƙara wa kaina. Almakashi ɗaya ne a gidan, duk lokacin da na miƙa hannu yana wurin namijin. Abin da ya yanka kuwa, wani kamar kunnen akuya, wani kamar ganyen kuka. Sai na zana musu da alli. Da suka jera a igiyar rama, bakin ƙyallayen ya fara zarewa, dole na bi kowanne da keke. Maƙwabciya ta leƙo ta ce a tsoma su cikin sitaci su miƙe. Muka tsoma, muka shanya, akuyar gidan ta ci na ƙasa-ƙasa, tururuwa suka hau sauran. Auta ta zubar da gwangwanin allurai cikin yashi, muka yi ta tsinta da ƙishirwa a wuya.

Matashin ya fi cin rai. Namijin ya tsinto audugar rimi a bayan makarantarsu, muka zauna cire 'ya'yanta. Audugar nan ba ta zama wuri ɗaya. Ta shiga hanci, ta shiga kunun shan ruwa, ta manne wa shaddar wani mutum da na riga na goge. Babbar ta haɗa guntayen da hannu, ɗinkinta ya karkace, na warware, ta sake. A tsakiya ta sa ƙyallen da ya fi kowanne kyau, wata atamfa shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Ban kula da ta wace ce ba. A kwanakin nan ƙafafuna sun kumbura saboda taka keke, in na rufe ido zare kawai nake gani.

Ranar jajibiri suka rataya igiyar daga ƙusar labule zuwa taga. Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Bayan la'asar sai ga mai atamfar ta zo karɓar kayanta. Matar wani babban dillalin busasshen kifi ce, ta daɗe tana kawo mini ɗinki. Na shigar da ita ɗaki ta gwada rigar. Tana ɗaga hannu ta ce rigar ta ɗan matse ta, sai idonta ya kai sama.

"Ashe shi ya sa. Atamfata ce kika yi wa ɗakinki ado da ita."

Na ce, "Hajiya, abin da ya fita daga wuya ne. Sauranki na cikin ƙullin."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita dai ta san abin da ta kawo, kuma an sha gaya mata halin teloli ba ta yarda ba. Da ina da ƙarfi da na shimfiɗa rigar na auna mata a gabanta. Amma ga riguna na jiran maɓalli, ga ƙosai ban soya ba. Na ɗauki almakashi na taka kujera, na bi igiyar ina yanke duk shuɗin da na gani, na tara mata a hannu.

Sai ta hango matashin a kan gado. Babbar ta riga ta ɗauke shi ta rungume. Matar ta dube ta, ta dube ni, ta ce a bar wa yarinya wannan, ta ba ta sadaka. Ta ɗauki ƙullinta ta fita.

Na koma kan keke. Can na ji shiru ya yi yawa, na leƙa ɗaki. Yarinyar na zaune da reza tana farke tsakiyar matashin, auduga na tashi a kanta. Na ce ta bari, ai an ba ta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba ba ya kwana bisa sadaka." Ta yanko bayan tsohuwar rigar makarantarta ta toshe wurin. Ban hana ta ba, ban kuma taya ta ba.

Ana kiran magariba babansu ya shigo da ƙaramar jaka. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan ya sha ruwa suka ja shi ɗaki. Ya ɗaga kai ya dubi igiyar, ya tambayi abin da ya sa wasu wuraren babu komai. Namijin ya ce akuya ce. Babbar ta miƙa masa matashin da hannu biyu. Ya juya shi gaba da baya, ya tambayi wanda ya ɗinka, ya sa mata albarka. Ya ce bari ya gwada. Da kyar na tashe shi sallar isha'i.

Matar nan ba ta sake kawo mini ɗinki ba, ƙannenta biyu ma suka bi ta. Tun daga sallar nan, kowane guntu na yanka sai na ƙulle shi cikin kayan mai shi, ko da bai kai ɗan yatsa ba. Wasu dariya suke yi, su ce me za su yi da shi.

Da safiyar sallah na yi wa yara wanka, suka bi babansu idi. Ni ban ɗinka wa kaina komai ba, na bara na fito da shi na ajiye a kan akwati. Na sauke tuwo, na kai wa maƙwabciya nata, na dawo na ce bari in ɗan miƙe bayana a tabarma kafin su dawo. Barci ya fara ɗaukata ke nan na ji sallama a zaure. Wata yarinya ce da riga a hannu, wai innarta ta ce zip ɗin ya ƙi hawa, kuma yanzu za su fita.

Na ce ta shigo, na jawo kujerar keke.