Sunan da Inna Lami Ba Ta Faɗa

Malama Mero ta yi shekara ashirin da shida a ɗakin kati na ƙaramin asibitinmu da ke kusa da Ƙofar Wambai. 'Yar marini ce daga Ƙofar Mata, gajera, mai faɗa, ba ta barin kowa ya taɓa mata kujera. Ni nas ce, kuma na sha yin cacar baki da ita, don idan ta tsare mara lafiya da tambaya sai ka ce aurensa za ta yi: sunanka, sunan mahaifi, unguwa, wa za a kira in wani abu ya taso.

Da aka kawo kwamfuta shekara shida da suka wuce, mun ɗauka tata ta ƙare. Ashe ba mu san ta ba. Da yatsa biyu ta koya, tana danna tana mita. Babban haushinta shi ne duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba sai a rubuta masa ɗaya ga Janairu. "Rabin Kano rana ɗaya aka haife su," in ji ta, "ungozoma ta sha wuya."

Wata Talata da hantsi aka shigo da wata mai jego a Keke Napep, jikinta kamar garwashi, ba ta san inda take ba. Mahaifiyarta ce ta kawo ta, Inna Lami, Bafulatana mai sayar da fura a Jakara. Dakta Nazeer, sabon likitanmu, ya duba ya rubuta allura, na zuƙa a sirinji. Sai Inna Lami ta ce, a hankali, kamar ba ita ta haife ta ba, "Bara waccan an yi wa yarinyar nan wata allura a nan, ta kumbura, numfashi ya ƙi. Da ƙyar aka samo ta."

Wace allura? Ba ta sani ba. Kati fa? Ruwa ya ci shi. Mijin yana kudu da shanu, wayarsa a kashe. Amsar tana cikin kwamfutar Mero, in an samu suna.

"Me sunanta?" in ji likita.

"'Yardada."

Babu 'Yardada a kwamfuta. "Sunan yanka, Inna!" in ji likita. Tsohuwar ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijin Inna Lami ta ci, bakin tsohuwar bai taɓa furta shi ba. Sunan uban yarinyar kuwa sunan mijinta ne, wannan ma ba ya faɗuwa. Likita ya fara ɗaga murya, ni ma raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yau kunya za ta kashe mutum a gabanmu.

Mero ta leƙo ta tagarta. "Dakta, ihu ba ya buɗe fayil. Inna, zo nan kusa da ni. Ba sai kin ce komai ba. Ni zan karanta, in na zo kansa ki gyara mayafinki."

Ta tace matan Jakara da suka zo bara waccan, masu shekara ashirin zuwa talatin, ta fara karantawa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Mardiya Haruna. Maryam Anas. Ikram Mikail. Ina tsaye da sirinji a hannu, ina jin nishin yarinyar ta bayan labule, kowane suna yana yi mini tsawo. A na goma sha huɗu ta ce, "Zuwaira Usaini." Inna Lami ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Sai ga Zuwaira Usaini biyu, duk a Jakara, duk ɗaya ga Janairu. Mero ko a jikinta. Ta buɗe wurin da ake rubuta wanda za a kira. Ta farko an sa Musbahu, yayanta. Ta biyu an sa Lami, mahaifiya, mai fura.

"Ke ce wannan, Inna?"

"Ni ce."

A saman fayil ɗin, da jan rubutu, an gargaɗi kowa kada a sake ba ta fenisilin ko danginsa. Na dubi kwalbar da na zuƙa. Danginsa ce. Na zauna a bencin marasa lafiya ina ta alhamdulillahi, ban ma san da ƙarfi nake yi ba. Dakta Nazeer ya canza magani, ya tsaya a tagar Mero ya ce, "Malama, na gode." Ta ce ya matsa, ya tare mata layi.

Kwana uku Inna Lami tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, ba ta matsa kusa da gadon ba, ba ta tambayi kowa jikin 'yarta ba. Ran Juma'a da safe Zuwaira ta buɗe ido ta nemi kunu da jaririnta. Na fito da murna na faɗa wa tsohuwar.

"To," ta ce, "yarinyar mutane ta tashi."

Ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suna rawa, na bar ta ta yi kukanta.