Notin Usta Garba

Duk wanda ya san kawuna Garba, da ake ce wa Usta, wato gwanin sana'a, ya san hatimin ƙungiyarmu ta masu koyar da sana'a a wuyansa yake kwana, a ɗaure da igiya kamar laya. Makanikai da kafintoci da teloli na ƙauyukan Suki suka zaɓe shi shugaba, shi kuwa ya ɗauka amanar a jiki ake ɗaura ta.

Zan bi abin daki-daki. Wani jami'i ya taɓa zuwa daga Sinnar, ya ce ƙa'ida ita ce hatimi ya zauna a ofis. Kawu ya dube shi sama da ƙasa.

"Ya ustaz, ofishin ya san wanda ya iya aiki? In ya sani, shi zo shi karɓa."

Sai batun tawada. Bai taɓa yarda a saya ba. Baƙin man inji yake kwaɓawa da kunkunniya. Usta Hawwa, mai koyar da ɗinki, ta kai ƙara wajen taro, ta ce takardun 'yan matanta warin gareji suke yi.

"Hawwa, ke dai kina son turare. To ki shafa musu!"

Nawa ya fi zafi. Shekara shida na yi a garejinsa. Hukumar noman rani ta ce za ta ɗauki makanikai, a kai takardar shaida mai hatimin ƙungiya kafin azahar ta Alhamis. Dokar ƙungiya kuwa, ba a buga hatimi sai ka gyara injin ban-ruwa a gonar manomi, ruwa ya kai ƙarshen kunya. Ran Talata na gyara na Malam Idi, ruwa ya gudu. Kawu bai ko kalli ruwan ba. Ya duƙa, ya tsinci noti ɗaya a ƙasa.

"Wanga fa, ɗan ƙanwata?"

Na kwance injin kaf, na mayar. Babu gurbinsa. Laraba na sake. Malam Idi yana ta faɗa, dawarsa na jin ƙishi, uwata ta daina yi wa wanta magana. Da hantsin Alhamis haƙurina ya ƙare, na ajiye masa notin a tafin hannu.

"Kawu, wallahi wannan ba na injin nan ba ne."

"Awo, daga aljihuna ya faɗi. Tun shekaranjiya nika jiran ka faɗi haka. Kai wane irin makanike ne, ba ka san kayanka ba?"

Kai! Ya buga hatimin, na ruga. Na iske magatakardan hukumar yana haɗa takardunsa, tawa ce ta ƙarshe da ya karɓa. Aikin nan shi ya ciyar da gidana har na yi furfura, ban kuma taɓa ce masa na gode ba, don haushi.

Na faɗa yanzu, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabari, Ya sa aljanna ce makomarka. Amin.