Kujerar da Sista Ngozi Ta Ajiye Min

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni ina tsakiyar fiɗa a mayankar Trans-Amadi, nan kudu inda nake aiki. Sista Ngozi ta rasu.

Na ajiye wuƙa na zauna a kan bokiti. Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, nas ce, 'yar ƙabilar Ibo. Cocinsu da ke Rumuokoro ya haɗa hannu da wani ƙaramin coci can bayan Maraɗi, suka buɗe ɗakin shan magani. Matan cocin nan ke tara magani da tabarau da sabulu, ita ke tafiya da su. Ta yi wata shida can, ta dawo ta huta, ta koma. Shekara bakwai ke nan.

Kafin tafiyarta ta farko ta zo mayanka neman mai koya mata Hausa. Kowa ya turo ta wurina, wai ni ne sarkin surutu. Ban ɓoye mata ba, na ce, "Sista, in wa'azi kika zo yi, kin makara."

Ta yi dariya ta ce, "Abeg, Malam Habu, koya min yadda zan tambayi tsohuwa ina ke mata ciwo."

Shi na koya mata, tana tsaye da littafinta cikin ƙudaje.

Ranar da ta faɗi sunan garin da za ta, sai na ji ashe yankinmu ne. Daga can zuwa ƙauyenmu, ko a ƙafa kafin hantsi ka isa.

Yau zan faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Shekara goma sha ɗaya ban taka ƙauyenmu ba. Bayan rasuwar Baba muka yi rigima da wana, Yaya Sale, a kan gona. Ya mare ni a gaban jama'a, na rantse ba zan sake dawowa ba. Malamai sun ce in yi kaffara in tafi, na toshe kunne. Innata kuwa tana can.

Sista ta nemo ta da kanta, ban sa ta ba. Daga nan duk tafiya sai na ba ta kilishi da atamfa ta kai, ta dawo min da kuka da daddawa ƙulle a tsumma. Na samu 'yar aike, na miƙe ƙafa.

Bara ta ce min idon Inna na hagu ya tafi. Hawan jinin ido ne, ba yana ba ce da za a cire. Na dama ma yana bin sa a hankali. Ita ke ɗiga mata magani, tana hana ta sa tozalin masu yawo.

Ta ɗauki hotona a waya ta kai mata. Wai Inna ta kawo wayar dab da fuskarta, ta juya, ta juya, ta miƙa mata ta ce, "Yarinya, ban gane komai ba. Mutum nake so."

Na ji, na yi kuka, ban tafi ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata biyu ke nan. Ta sauko daga keke a bakin mayanka, na miƙa mata ƙunshin kilishi kamar kullum. Ta mayar da hannunta baya.

"Wannan karon ba zan ɗauka ba. Akwai kujera ɗaya a motar coci, na ce a bar maka. Jibi za mu tashi. Kai ka kai mata."

Raina ya ɓaci, ga mahauta na kallo. Na ce, "Cocinku ba da magani ya aike ki, ba shiga gidan mutane ba."

Ta dube ni. Ta ce, "No wahala. Amma ido ba ya jira, Malam Habu."

Ta hau keke ta tafi. Ko sai an jima ban ce mata ba. Wallahi wannan ne ke cina tun safe.

Kun san wa ya kira ni? Yaya Sale. Muryar da ban ji ba shekara goma sha ɗaya. Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da Sista kwana huɗu. Ya ce Inna ce ta sa shi ya kira, tun jiya ta ƙi cin abinci, tana cewa 'yarta ta mutu. Na yi ta maza na tambaye shi idon. Ya ce, "Tana ganin inuwar mutum in ya tsaya a bakin ƙofa. Habu, kar ka daɗe."

Mai shirin zuwa min da gardamar addini a comment ya riƙe abinsa, yau ba ni da ƙarfi. Ta mutu Kirista, ina nan Musulmi, ba ta taɓa jana ba, ban taɓa janta ba. Abin da na sani, ta riƙe min uwa shekara bakwai ina nan ina fushi.

Ɗazu na je cocin. Ban taɓa shiga harabar ba sai yau. Na tarar da mata zaune suna kuka, ga kwalayen maganin tafiya ta gaba a jere. Faston ya ce gobe mota za ta tashi ɗauko gawarta. Na ce ko akwai wuri. Ya tambayi sunana, ya dube ni ya ce, "Kai ne? Ai ta ce duk ranar da ka zo, a ba ka kujerarka."

Allah ya ba mijinta da 'ya'yanta biyu haƙuri. Allah ya kawo wa mutanen can wadda za ta maye gurbinta. Allah ya yafe min bakina.

'Yan uwanta Kirista, ku yi mata addu'a yadda kuka saba. Sauran jama'a, ku sa iyalinta a addu'a, ku sa ni ma. Tafiyar kwana biyu ce. Ku roƙa min Allah ya bar wa Inna ɗan hasken nan har in tsaya a bakin ƙofarta.