Fanaretin Clive Hepworth

Clive Hepworth ɗan bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta garinmu ne, sana'arsa gini. Ranar Asabar yakan wanke siminti daga hannunsa ya zo fili, a yi ta turmuwa cikin taɓo da ruwan sama. Tun yana saurayi yake bugawa har furfura ta fito masa, amma bai taɓa cin ƙwallo ba. Mu kuwa ba mu damu ba, tunda shi ma ba ya barin kowa ya wuce.

A wasansa na ƙarshe aka ba mu fanareti. Duk fili ya ɗauki kiran sunansa. Ya ƙi, kyaftin ya tura masa ƙwallon.

"Tsoho, buga mana! Ko sai an kawo maka tabarau?"

Clive ya ja baya, ya ɗirka. Ƙwallon ta haye raga, ta haye katanga, ta faɗa lambun kabejin wata tsohuwa. Muka fashe da dariya, wasu har da hawaye, muka ɗauke shi a kafaɗa.

Yanzu gwiwoyinsa sun gaji. Yana zama kusa da ni a benci, muna shan shayi, yana yi wa 'yan baya ihu su koma gida.