Awar da Ta Ɓace wa Injiniya

A shagon buga takardu na bakin tasha kowa Injiniya yake kiransa, alhali ko tocila bai taɓa gyarawa ba. Shekara goma sha huɗu yana buga wa mutane takardun neman aiki, shi kuwa yana nan a kujerarsa mai gurguwar ƙafa. Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa ya rantse zai koyi rubuta manhaja ya bar wurin.

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, ta cinya, shi da matarsa malamar makaranta suke amfani da ita. Ya ji masana na cewa mai rubuta manhaja na gaske da tsarin kwamfuta na Linux yake aiki, sai ya raba cikin kwamfutar gida biyu, Windows na matar, Linux nasa, in an kunna kowa ya zaɓi ɗakinsa. Ranar da abin ya tashi lafiya, har takunsa sai da ya sauya.

Matsalar ɗaya ce tak. Ɓangarorin biyu ba su karanta lokaci iri ɗaya, don haka duk sanda aka fita daga nasa aka shiga nata, sai agogo ya koma baya da awa ɗaya cur.

"Baban yara, agogon nan fa ƙarya yake yi tun da ka taɓa shi," in ji matar.

"Ƙaramin abu ne. Layi ɗaya zan rubuta, shi ke nan. Bari in samu sarari."

Wata biyar sarari bai samu ba. Amma bayanin dalilin matsalar, ya yi mata shi ya fi sau goma, har da zane a bayan ambulan.

Ana nan sai wani kamfani ya kira shi ganawa ta bidiyo, Asabar ƙarfe goma na safe. Wurare talatin ya nema, wannan ne kaɗai ya amsa. Juma'a ya wuni a ɓangarensa yana bita. Asabar da safe ya kunna na matar, domin a can ne kawai kyamara take aiki. Ya damƙa mata wayarsa kada wani ya dame shi, ta kwashi yara zuwa gidan yayarta.

Ya sa riga gogaggiya, ya duba agogon kwamfuta, ya ce madalla, akwai lokaci. Ya zauna yana gwada murmushi, yana amsa tambayoyin da shi ya yi wa kansa, amsoshin kuwa suna burge shi ƙwarai.

Agogon na nuna tara da rabi, matar ta turo ƙofa a hankali.

"Yaya, an dace?"

"Wane irin an dace? Saura rabin awa a fara."

Ta dube shi, ta kwance agogon hannunta ta ajiye a gabansa. Goma da rabi.

Saƙon kamfanin gajere ne: sun jira minti goma sha biyar, sun wuce ga wani. Kunya ta kama shi fiye da baƙin ciki, domin da ta yi masa gori ma da ya fi samun sauƙi. Ita kuwa ruwa kawai ta kawo masa.

Yau shi da kansa yake ba da labarin a shago, yana riga kowa dariya. Abu ɗaya ne ba ya faɗa. Bayan matar ta fita, ya koma ɓangarensa ya rubuta layin nan, yana duba agogonta. Bai kai minti ɗaya ba.